Doguwar tafiya babu netwok: Yadda za ka ji waƙa a hanya ba tare da datarka ta ƙare ba

Duk wanda ya san Mpape, unguwar nan da ke kan duwatsu a bayan Maitama a Abuja, ya san gari ne na masu zuwa da komawa. 'Yan acaba, masu aikin fasa dutse, direbobin tifa da 'yan tireda, kusan kowa na da ɗan'uwa a Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal. Mu ma na Kudu idan Sallah ta matso, da yawa a nan muke yada zango kafin mu wuce gida. Wanda kuma ya taɓa shiga mota daga tashar Jabi ko Utako zuwa Legas ya san zancen awa 12 ake yi ko fiye, ta Gwagwalada da Abaji da Lokoja da Okene, kuma a wurare da dama sabis ɗin waya ɗaukewa yake yi. Kana cikin jin Hamisu Breaker ko Umar M. Shareef sai waƙa ta tsaya cak, wayar na ta juyi.

Maganin abin ɗaya ne, ka sauke waƙoƙinka tun kana gida. Sai dai kowace manhaja da irin sharaɗinta, kuma rashin sanin sharaɗin ne ke ci wa mutane kuɗi.

Lissafin data tukuna

Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, data ta zama abin lallaɓawa. Waƙa mai matsakaicin inganci tana cin kusan MB 1 a minti ɗaya. Wato idan kai tsaye daga intanet za ka saurara tsawon awa 12, ka ƙone MB 700 da ɗoriya. Idan ka saita wayar a inganci mafi girma, abin ya haura GB ɗaya da rabi. Idan kuwa bidiyon waƙar kake kunnawa a YouTube don kawai ka ji sauti, to wannan ɓarna ce ƙarara, domin hoton ya fi sautin cin data nesa ba kusa ba.

Amma waƙa 100 masu tsawon minti biyar-biyar, MB 500 ne kacal idan ka sauke su sau ɗaya, kuma za ka ji su zuwa da dawowa ba tare da ka ƙara ko sisi ba.

Audiomack da Boomplay

Ga mai ƙaramin ƙarfi, Audiomack ce ta fi sauƙi. Kyauta take ba ka damar sauke waƙoƙi da yawa ka ji su ba data, musamman waɗanda mawaƙan da kansu suka ɗora suka bar su a buɗe, kuma mawaƙan Hausa na zamani suna ɗora nasu a can. Illarta talla, sannan akwai waƙoƙin da ta kulle sai wanda ya biya.

Boomplay kuwa da yawanmu ba ma mu muka sa ta a waya ba. Ta fara aiki a 2015, kuma tana zuwa ne a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, domin gida ɗaya suka fito. Ita ma akwai waƙoƙin da ake saukewa kyauta, akwai na biya. Abin da ya sa ta dace da matafiyi shi ne ba dole sai ka biya na wata guda ba, akwai na kwana ɗaya da na mako. In tafiyar taka ta kwana biyar ce, me zai kai ka biyan kwana talatin?

Spotify, YouTube Music da Apple Music

Spotify ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, lokacin kuɗin wata naira 900 ne, daga baya kuma an yi ƙari. Abin da ya kamata ka sani shi ne na kyauta ba ya sauke waƙa. Sai ka biya sannan maɓallin saukewa zai yi aiki. YouTube Music ma haka take, Apple Music kuwa gaba ɗayanta ta biya ce in ban da ɗan lokacin gwaji da ake bai wa sabon shiga. Akwai tsarin ɗalibai da na iyali mai rangwame, sai dai a Spotify na iyalin sharaɗinsa ku kasance a gida ɗaya.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Waƙar da ka sauke a cikin waɗannan manhajoji ba taka ba ce, haya ka ɗauka. Ba za ka iya tura ta ta Xender ba, ba za ka sa ta a memori ka kunna a rediyon mota ba. Ranar da kuɗinka ya ƙare, ranar za ta rufe. Sannan Spotify na bukatar wayarka ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da ka sauke ya tafi. Wanda zai je ƙauye noman damina ya yi wata biyu inda babu sabis, ya lura da wannan sosai.

Memori bai mutu ba

Har yanzu masu tura waƙa a bakin kasuwa da tashoshin mota suna da ranarsu. Tsofaffin waƙoƙi irin na Mamman Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, wasu ba ka samun su cikakku a manhaja, amma mai kwamfuta a rumfa zai cika maka memori da su. Memori ba ya neman data, ba ya ƙarewa da wata, yana aiki har a ƙaramar waya mai dogon caji. Sai dai mu faɗi gaskiya, turin nan ba ya kai wa mawaƙi ko kwabo. Idan mawaƙin yana raye yana sana'arsa, jin waƙarsa a manhaja, ko da ta kyauta ce mai talla, ya fi zama adalci gare shi.

Kafin ka tashi

Ka sauke komai a daren da ya gabaci tafiya, da garaɓasar datar dare da kamfanoni ke sayarwa da arha, ko inda ka samu intanet na ofis ko shago. Ka rage ingancin saukewa zuwa matsakaici, ai cikin ƙarar injin mota kunne ba zai bambance ba. Bayan ka gama, ka kashe data gaba ɗaya ka kunna waƙa uku ko huɗu ka tabbatar suna yi, domin sau da yawa mutum na zaton ya sauke alhali jera su kawai ya yi. Haka za ka yi wa karatun Alƙur'ani ko wa'azi in su kake son ji a hanya.

Idan ka biya da katin banki, ka duba ko an sa maka sabuntawa ta kai tsaye, ka cire ta, kada ka dawo ka tarar ana ta zarar kuɗi wata-wata. Ka riƙe iyafis, don ba kowa ne a mota ke son abin da kake so ba. Sannan kada waƙa ta cinye maka caji ƙurmus. A hanyar Lokoja, wayar da za ka kira gida da ita in wani abu ya taso ta fi kowace waƙa muhimmanci. Allah Ya kai mu lafiya.