ƘARANCIN MA'AIKATAN JINYA DA CIWON DAJI NA YARA

Jama'a, ciwon daji bai bar yara ba, amma yana warkewa in an gano shi da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba.

Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne ƙarancin ma'aikatan jinya. Maganin dajin yana raunana jini, zazzaɓi kaɗan yana iya halaka yaro cikin dare guda. Nas ce ke ɗura magani, ita ke fara lura da zazzaɓin. Saboda haka masana suka ƙayyade a 2014 cewa kada nas ɗaya ta riƙe fiye da yara 5. Amma a 2024 hukumar da ke rajistar nas-nas ta bayyana cewa sama da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara 3.

To, mutanen Misau da ƙasar Katagum, da sauran jama'a, ga abin yi. In kun ga kumburin muƙamuƙi, ko ƙullutu a ciki, ko fari a tsakiyar idon yaro, ku garzaya asibiti. In an tura ku Azare, Bauci ko Kano, kada ku yi jinkiri. Kada a yanke magani don yaro ya ji sauƙi. Kuma a bar 'ya'ya, maza da mata, su shiga makarantun jinya, gama ɗan gari ya fi zama a gari.