'YAN SAƘON CIKIN JINI

Yara, kun san hakimi ba ya zuwa kowane ƙauye da kansa, sai ya aiki ɗan saƙo wurin dagaci. To, haka Allah ya shirya jikin mutum. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, amma ita ke aika umurni ga sassan jiki da yawa. Ɗan saƙonta wani sinadari ne ɗan kaɗan, jini kuwa shi ne hanyarsa. A shekarar 1905 wani masani a Ingila, Ernest Starling, ya raɗa wa irin wannan sinadari suna homon.

Homon iri-iri ne. Wani shi ke sa yaro ya yi tsawo, wani shi ke fito wa saurayi da gemu. Waɗansu kuma aikinsu haihuwa. Su ke sa jikin mace ya nunar da ƙwai kowane wata, su shirya mahaifa ta karɓi ciki. Namiji ma yana da nasa. In ɗan saƙo ya yi yawa ko ya yi kaɗan, sai haihuwa ta yi jinkiri.

Ga misali. Akwai homon da ke kawo ruwan nono, sunansa furolaktin. Sau da yawa mace mai goyo takan daɗe ba ta sami wani ciki ba, wannan kuwa aikinsa ne. To, wani lokaci yakan yi yawa a jinin matar da ba ta goyo, ya hana ta ciki. In likita ya gane haka, akwai ƙwayoyin da ke rage shi.

Yaya likita zai gane? Sai ya auna jini. Akan ɗebi kamar cikin ƙaramin cokali daga jijiyar hannu, a zuba cikin 'yar kwalba, a rubuta suna, a kai ɗakin awo. A dā ba a iya wannan awo da kyau, domin homon ya cika ƙanƙanta. Sai a 1960 masana biyu a Amurka, Rosalyn Yalow da Solomon Berson, suka bayyana dabarar auna shi cikin ɗigon jini.

Homon na mace yana hawa yana sauka cikin wata, saboda haka likita shi ke faɗin ranar da za a zo. Wanda ya saɓa rana, awonsa ba zai faɗi gaskiya ba.

Mutumin Ruwan Godiya yana iya farawa daga babban asibitin Funtuwa. In abin ya fi ƙarfin nan, sai a tura shi asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya. Likitoci sun ce in an shekara da aure ba ciki, miji da mata su tafi tare, gama matsalar tana iya zama ta kowannensu.

Saboda haka, yara, kada ku yi wa wadda ba ta haihu ba gori. Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuwa wajibinmu ne.

TAMBAYOYI

1. Mene ne homon?
2. Wane homon ke kawo ruwan nono?
3. Don me likita ke faɗin ranar awo?
4. Don me miji zai tafi asibiti tare da matarsa?