Ƙidayar Ɗaliban Jami'o'i: Alƙaluman Da Ake Raba Kuɗi Da Su A Abuja

ABUJA — Hukumomi huɗu ne a babban birnin tarayya ke yi wa jami'o'in Nijeriya tambaya iri ɗaya, wato ɗalibai nawa ne ke hannunsu. Akwai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, a kan titin Aguiyi Ironsi cikin unguwar Maitama. Kusa da ita akwai Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund. Can a Bwari kuma hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ce, JAMB, sa'an nan ga autarsu, Asusun Ba Ɗalibai Rance, NELFUND. Kowace da dalilinta na yin tambayar, kuma ba kullum ba ne amsoshin ke zuwa daidai da juna.

Lamarin ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye, domin daga ribar kamfanoninsu ne ake cire wani ɓangare na kuɗin da ake rabawa. Dokar soja mai lamba 7 ta shekarar 1993 ce ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, bayan yarjejeniyar da gwamnati ta cimma da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 1992. An ɗaga shi zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sa'an nan zuwa kashi 3 a 2023. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta narkar da shi cikin harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin ɗari, wanda TETFund da NELFUND ke da kaso a ciki.

A cikin kowace jami'a, ofishin magatakarda ne ke riƙe da rajistar ɗalibai, sashen tsare-tsaren karatu kuma shi ke tattara alƙaluman sassa da tsangayoyi ya aika Abuja. Tun da aka kafa NUC a 1962 bisa shawarar kwamitin Ashby, aka kuma ba ta cikakken matsayi na doka a 1974, karɓar waɗannan alƙaluma na cikin manyan ayyukanta. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ƙara mata ikon gindaya ƙa'idojin karatu da tantance kwasa-kwasai. Daga nan ne yawan ɗalibai ya zama ma'auni: malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a aikin injiniya, ɗaya kuma ga 10 a likitanci.

A shekarun 1990, lokacin da kuɗin gudanarwa na jami'o'in tarayya ke bi ta hannun NUC, yawan ɗalibai da irin kwas ɗin da suke karantawa na cikin abubuwan da ake dubawa kafin a yanka wa kowace jami'a rabonta. A nan tarkon yake. Jami'ar da ke neman kuɗi, ribarta ce ta nuna ɗalibai da yawa. Amma ranar da tawagar tantancewa ta sauka, ribarta ce ɗaliban su yi kaɗan, domin kada a ga malami ɗaya na fama da ɗari. Ko babu wanda ya yi niyyar maguɗi, duk tsarin da ke saka wa mutum da alheri idan ya faɗi adadi babba a wannan ƙofa, ya kuma hukunta shi a kan adadin nan a waccan ƙofa, da wuya ya haifar da ƙididdigar da za a dogara da ita.

Ga kuma matsalar wanda za a kira ɗalibi. Akwai mai cikakken karatu, akwai mai zuwa ƙarshen mako, akwai malaman makaranta masu karatun lokacin hutu, da 'yan difloma, da masu share fagen shiga jami'a. Waɗannan rukunoni na baya su ne ke kawo wa jami'o'in gwamnati kuɗin shiga mai kauri, su ne kuma suka fi wuyar ƙidayawa daga Abuja. A 2012 sai da NUC, a zamanin Farfesa Julius Okojie, ta dakatar da kwasa-kwasan wucin gadi baki ɗaya, tana mai cewa bai kamata ɗalibansu su wuce kashi 20 cikin ɗari na ɗaliban jami'a ba.

A shekarar ce dai gwamnati ta ga cewa takardun da ake aiko mata ba su wadatar ba, sai ta tura mutane su je su gani da ido. Kwamitin binciken buƙatun jami'o'i, wanda Farfesa Mahmood Yakubu ya shugabanta lokacin yana riƙe da TETFund, ya zagaya jami'o'in gwamnati 61, ya ƙirga ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin, da malamai 37,504. A Jami'ar Abuja, wadda ba ta da nisa da ofishin NUC, kwamitin ya tarar da malami ɗaya ga ɗalibai 122.

Abin da ya fi fallasa girman giɓin shi ne tsarin da JAMB ta ɓullo da shi a 2017 a ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, wanda ake kira CAPS. A wannan tsari duk wanda makaranta za ta ba gurbin karatu sai sunansa ya bi ta na'ura mai ƙwaƙwalwa ta hukumar, an amince, shi ma ɗalibin ya karɓa. A ƙarshen 2021 hukumar ta bayyana cewa daga 2017 zuwa 2020 manyan makarantu sun ɗauki ɗalibai fiye da 700,000 ba tare da sun bi wannan hanya ba. Mafi yawansu na kwalejojin kimiyya da fasaha ne da na horar da malamai. Na jami'o'i sun kai kusan 68,000. Ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya yi afuwa domin a shigar da su rajista.

Waɗannan ɗalibai sun biya kuɗin makaranta, sun zauna a aji, sun rubuta jarrabawa, amma a littafin Bwari babu su. Galibi ba a gane haka sai an zo tafiya hidimar ƙasa, domin hukumar NYSC na gwada sunayen da jami'a ta aiko da jerin da ke hannun JAMB. Uban da ya sayar da amfanin gona ko ya taɓa jarin shagonsa shekara huɗu, a nan ne yake jin cewa ɗansa ba ya cikin lissafi. Hukumomin sana'o'i ma na da nasu ƙa'idar: a watan Nuwamban 2023 Majalisar Koyar da Aikin Lauya ta sanar da hana Jami'ar Baze da ke Abuja ɗaukar ɗaliban shari'a na tsawon shekara biyar saboda wuce adadin da aka yanka mata.

Abin mamaki, asusun da ke raba kuɗin 'yan kasuwa shi ne wanda ƙidayar ba ta cika damunsa ba. Dokar TETFund ta 2011 ta ce a ba jami'o'i kashi biyu, kwalejojin fasaha ɗaya, na horar da malamai ɗaya, sa'an nan a rabon shekara-shekara kowace jami'ar gwamnati na samun daidai da 'yar'uwarta. A 2024 rabon kowace ya kai kimanin Naira miliyan dubu ɗaya da ɗari tara. Ke nan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, masu dubun dubatar ɗalibai, kwano ɗaya ake auna musu da jami'ar jihar da aka buɗe jiya. Wannan na kashe gardamar siyasa, yana kuma taimakon ƙananan jami'o'i su tsaya da ƙafarsu. Sai dai a idon mai lissafi, kuɗin da ke faɗawa kan kowane ɗalibi ya sha bamban ƙwarai daga wannan jami'a zuwa waccan, kuma gwamnan da ya kafa sabuwar jami'a ya san ya buɗe sabuwar ƙofar karɓar rabo.

A Ingila, inda kuɗi ke bin kan ɗalibi, hukuncin ma na bin alƙaluma. An kafa hukumar tattara ƙididdigar manyan makarantu ta ƙasar, HESA, a 1993, kuma a 2009 aka tilasta wa Jami'ar London Metropolitan ta mayar da fiye da fam miliyan 36, bayan an gano ta yi shekaru tana ba da adadin da ba daidai ba na ɗaliban da suka kammala zangon karatunsu. Shugabanta ya ajiye aiki a shekarar.

Rancen ɗalibai ne ya fara kawo wa Nijeriya irin wannan matsi. Bayan dokar da aka sabunta a watan Afrilun 2024, NELFUND ta buɗe karɓar takardun neman rance ranar 24 ga Mayu. Asusun ba ya karɓar jimla. Yana son sunan kowane ɗalibi da lambarsa ta makaranta da ta JAMB, shi kuma ɗalibin ya kawo lambar katin ɗan ƙasa da ta banki, kafin a biya wa makaranta kuɗinta, a kuma tura wa ɗalibi Naira 20,000 a wata. Da aka zo kan makarantun jihohi a watan Yunin shekarar, dole aka ɗage buɗe musu da mako biyu, domin jami'o'in jihohi 20 ne kacal cikin 48 suka shigar da bayanan ɗalibansu. A wannan karon jinkirin magatakarda ya zama asarar kuɗi ga jami'ar kanta, ɗalibai kuma suka san ofishin da za su je su tsaya.

Ga ɗan kasuwar da ke son gina ɗakunan kwanan ɗalibai a Gwagwalada ko Samaru, ko bankin da zai ba shi bashi, ko mai buga littattafai, adadin da jami'a ke faɗa a jawabin bikin rantsar da sababbin ɗalibai bai isa a ɗora jari a kansa ba. Littafin ƙididdiga da NUC ta wallafa na shekarar 2019 ya nuna ɗalibai masu cikakken karatun digiri na farko kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a faɗin ƙasa, amma daga abin da jami'o'in suka aiko ne aka haɗa shi. Mai zuba kuɗi zai fi samun natsuwa idan ya nemi adadin gurbin da NUC ta amince wa jami'ar, ya gwada shi da yawan waɗanda JAMB ta tabbatar cikin shekaru huɗu a jere, ya kuma tambaya ko 'yan ƙarshen mako da na lokacin hutu na cikin jimlar, tun da su ba sa kama ɗaki na shekara.