An Sauya wa Tsohuwar Motarka Inji? Ka Duba Numfashin Tankin Mai

Fijo 504 da kamfanin PAN ya yi ta harhaɗawa a Kaduna tana nan a kan titunanmu, amma da yawa daga cikinsu ba da injinsu na asali suke tafiya ba. A Amurka ma haka ake yi, ana ɗora injin Chevrolet na zamani a kan motocin shekarun 1960. Idan aka zo wannan aiki hankalin kowa yana kan giya da lagireto da wayoyi, tankin mai kuwa sai a mance da shi a baya, alhali shi ma yana buƙatar hanyar shaƙar iska da fitar da ita.

Me ya sa tanki yake buƙatar iska?

Ka tuna gwangwanin madarar ruwa. In ka huda rami ɗaya, da ƙyar madarar take fitowa, sai ka ƙara na biyu iska ta shiga sannan ta zubo. Haka tanki yake: duk litar da famfon mai ya zuƙa, dole iska ta maye gurbinta. In babu hanya, famfon zai yi ta ja har ya gaza.

Akwai kuma ɗaya gefen. Fetur yana zama tururi da zarar ya ji ɗumi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, motar da ke ajiye a rana tankinta cike yake da tururi mai neman mafita. Saboda haka hanyar numfashin ta shiga ce kuma ta fita.

To me sauya inji ya ɓata?

Motocin da can murfin tankinsu ne ke da ɗan rami, ko kuma wani siririn tiyo ya fita daga saman tankin. Daga 1970 a Kalifoniya, sannan 1971 a duk Amurka, doka ta hana sakin tururin fetur a iska, sai aka koma rufaffen murfi da gwangwanin gawayi. Shi wannan gwangwani gawayin cikinsa yana riƙe tururin, in an tayar da mota inji ya zuƙe shi ya ƙone. Sauran ƙasashe sun biyo baya a hankali.

Ranar da aka cire tsohon inji, tiyon da ya taho daga tanki yakan rasa inda zai shiga. Leƙa ƙarƙashin mota: sau da yawa za ka tarar an cusa masa ƙusa an ɗaure da waya, don kada ya yi wari. An toshe hancin tankin ke nan.

Kuskure na biyu ya fi ɓuya. Kabireto, wato na'urar da ke gauraya mai da iska a tsofaffin motoci, ɗan ƙaramin famfo ya ishe shi. Injin zamani mai injekta, wanda ke fesa mai da ƙarfi, yana aiki da famfon lantarki mai matsin da ya ninka wancan kusan sau goma, kuma da yawansu suna mayar da rarar mai tanki ta wani bututu. Tsohon tanki ba shi da ƙofar karɓar wannan rara, sai makanike ya ga ƙofar numfashi a sarari ya jona bututun a nan. Mota ta tashi, kowa ya yi murna. Amma yanzu tankin ba shi da hanyar iska, ga mai da ya zagaya ta jikin inji yana dawowa da ɗumi, yana ƙara tururi.

Yaya za ka gane matsalar?

Motar tana tashi lafiya, ka yi tafiya mai ɗan nisa sai ta fara shaƙewa ta mutu, ta huta ta sake tashi. A wannan lokacin ka buɗe murfin tanki, nesa da wuta ko sigari. In ka ji tankin ya zuƙi iska da ƙarfi kuma motar ta tashi nan take, ka kama ɓarawon. Ɗan huci kaɗan a rufaffen tsari ba laifi ba ne. Sauran alamun su ne warin fetur a but ko cikin mota, famfo mai kuka yana ƙonewa a kai a kai, da tankin da cikinsa ya lotsa. Mutane kan sayi famfo bayan famfo suna zargin jabun kaya, alhali iska ce kawai babu.

Wane gyara ya dace?

Mafi sauƙi shi ne murfi mai numfashi. Yana aiki, sai dai in tanki ya cika kuma ka sha kwana, mai yakan tsiyayo ya ɓata fenti.

A ganina wanda ya fi shi ne tiyo na musamman daga saman tanki, mai faɗin kimanin milimita 8. A ɗaga shi sama da bakin zuba mai, sannan a lanƙwaso shi ƙasa ya fita waje da jikin mota, nesa da salansa. Kada a bar masa wani lotsi a tsakiya, domin mai zai taru a wurin ya toshe shi. A sa masa bawul ɗin da ke rufe kansa in mota ta kife, kada fetur ya malale a wurin haɗari. Bakin tiyon kuma a sa masa ƙaramar matata, saboda ƙurar hunturu da zanzaro, wanda ba ya ganin rami bai cika shi da laka ba. Ka kula da bawul mai barin iska ta shiga kawai: shi kaɗai rabin aiki yake yi, tururin ba shi da mafita.

In kana ajiye motar a rufaffen gareji, gwangwanin gawayi ne zai raba ka da wari. Yana buƙatar rufaffen murfi, da bawul ɗin da kwamfutar inji ke buɗewa don zuƙe tururin. In ba a jona wannan ba, gawayin zai ƙoshi ya daina aiki. Wanda ya koma injin dizal ba ya buƙatar gwangwanin, amma tankinsa na son iska kamar kowane.

Nawa za ka kashe?

Tiyo da bawul da matata ba su kai kuɗin famfon lantarki ɗaya ba. Gwangwanin gawayi kuwa ana iya ciro shi daga motar da aka farke a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Inda bai kamata ka yi tsumulmula ba shi ne tiyon: ka nemi wanda aka yi don fetur, domin na ruwa yakan kumbura ya tsage. In kuma sai an buɗe sabuwar ƙofa a jikin tanki, a sauke shi a kai wa wanda ya san aikin ya wanke shi tukuna. Tankin da aka juye mansa yana nan cike da tururi, tartsatsin walda ɗaya ya isa ya tarwatsa shi.