Shagon da kwastomansa ba sa dawowa: barkwanci a kan cinikin mutuwa

Yau ba hirar sabuwar waƙa za mu yi ba, ba kuma rigimar jarumai ba. Wani fim ɗin katun na kalla a makon nan da ya sa ni dariya, bayan ya ƙare kuma na zauna ina jin kunyar dariyar da na yi. Sunansa Le Magasin des suicides, wato shagon kayan kashe kai. Fim ɗin Faransa ne na 2012, darakta Patrice Leconte, kuma an ɗauko labarin ne daga littafin Jean Teulé da ya fito a 2007.

Labarin wani birni ne da baƙin ciki ya yi wa katutu, har ta kai hukuma na cin tarar duk wanda ya kashe kansa a kan titi. A nan ne iyalan Tuvache suke da shagonsu na gado, abin da suke sayarwa kuwa shi ne kayan da mutum zai ɗauke ransa da su. Maigidan sunansa Mishima, uwargida Lucrèce, 'ya'yan kuma duk an raɗa musu sunayen shahararrun mutanen da aka danganta mutuwarsu da kashe kai: Vincent, Marilyn, sai auta Alan. To autan nan shi ne matsalar gidan, don tun yana zanin goyo yake murmushi. Kwastoma zai shigo fuska a murtuke, yaro ya tare shi da fara'a, sai ka ga hankalin iyaye ya tashi kamar mai sayar da lema da aka ce masa bana babu damina.

Irin wannan shi Turawa ke kira baƙin barkwanci, ni kuwa na fi so in ce barkwanci mai ɗaci: a ɗauko abin da ba a wasa da shi, a gina ban dariya a kansa. Tambayar da ta dame ni ita ce, me ya sa masu irin waɗannan fina-finai suke son cusa kuɗi a cikin labarin?

Masu kallon Indiya za su tuna Guzaarish na 2010, inda Hrithik Roshan ya fito a matsayin Ethan, mai wasan dabo da jikinsa ya shanye, yana roƙon kotu ta ba shi izinin mutuwa. Ba fim ɗin dariya ba ne, hawaye ake yi, saboda duk na kusa da shi tausayi ne ke motsa su. Amma ka ɗauki wannan labarin ka saka masa kanta da rasit da rangwame da "sai an jima, mun gode", nan take ya koma abin dariya. Harshen kasuwa ne ya ci karo da mutuwa. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan. Kowane ɗan kasuwa burinsa kwastoma ya dawo gobe. Likita ma, ko mai son kuɗi ne, cinikinsa na tafiya idan marar lafiya ya rayu. Shi kuwa mai wannan shago asararsa ɗaya ce tak: kwastoma ya canza shawara. Duk wanda cin abincinsa ya rataya a kan kada ka canza shawara, ya za a yi ya zama shi ne mai tambayarka ko ka tabbata?

Fim ɗin Birtaniya na 2018, Dead in a Week (Or Your Money Back), a kan wannan gaɓa ya tsaya. Sunan kansa talla ce: a mutu cikin mako guda ko a mayar da kuɗi. Tom Wilkinson ya fito a matsayin Leslie, tsohon makashin haya da ke aiki ƙarƙashin wata ƙungiyar makasa mai ofis da fom da adadin aikin da dole kowa ya cika, in ba haka ba a yi masa ritaya. Da aiki ya yi ƙaranci sai ya koma farautar mutanen da suka gaji da rayuwa yana miƙa musu katinsa. Wani matashin marubuci, William, ya sa hannu ya biya. Kwana kaɗan bayan haka ya haɗu da Ellie, wadda ta nuna sha'awar littafinsa, rayuwa ta fara yi masa daɗi, ya ce ya fasa. Leslie ya ce ai yarjejeniya ta riga ta ƙullu. Nan dariyar take, kuma ba William ake yi wa ba. Tsarin ake yi wa, wanda cika adadi ya fi masa ran mutum. Inda fim ɗin ya gaza a wajena shi ne maganin da ya bayar. Mutumin da ya daɗe yana fama da ciwon damuwa sai kawai ya yi budurwa ya warke? Wanda ya taɓa zama da mai wannan ciwo ya san ba haka abin yake ba.

Wanda ya fi su kaifi shi ne Kill Me Please na 2010, fim ɗin Beljiyam da Faransa, baƙi da fari, darakta Olias Barco, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na birnin Rum a shekarar. Wani Dakta Kruger ne ke da asibiti a cikin daji, gwamnati na ba shi tallafi, masu hali na zuwa su mutu cikin tsafta, har da cika musu burinsu na ƙarshe. Likitan ba mugu ba ne irin na fim, yana ma ƙoƙarin hana wasunsu, amma sai ga jami'ar binciken kuɗi ta zo tana tambaya a kan dukiyar mamatan. Can gaba mutanen ƙauyen da ke kusa suka far wa asibitin da bindigogi, sai ga waɗanda suka biya kuɗi don su mutu suna ranta a na kare. Wannan wajen ya ba ni dariya sosai, kuma shi ne ya fi faɗin gaskiya: da yawansu ba mutuwar suke so ba, wani abu ne daban ke cin su.

Kada ku ɗauka duk wannan ƙirƙira ce. A Suwizalan, sashe na 115 na dokar laifuka, wadda ke aiki tun 1942, ya ce taimaka wa mutum ya kashe kansa laifi ne idan an yi shi don son zuciya, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Idan babu son zuciya, babu laifi. Wato daidai inda masu barkwanci suke sa yatsa, nan dokar ta ja layinta. Ta wannan ƙofa ƙungiyoyi irin su Dignitas, wadda lauya Ludwig Minelli ya kafa a 1998, suke aiki, har baƙi daga ƙasashen waje na zuwa. A 2018 an gurfanar da Minelli bisa zargin cin riba. Cikin abubuwan da aka kawo akwai kyautar kuɗin Suwizalan 100,000 da wata tsohuwa Bajamushiya ta bai wa ƙungiyar. Kotu ta wanke shi, ta ce masu gabatar da ƙara ba su tabbatar da son zuciya ba. Ba ina cewa kotun ta yi kuskure ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne wahalar awon: ina iyakar kuɗin gudanar da aiki, ina farkon riba? Jamus ta gwada hana mayar da abin sana'a a 2015, kotun tsarin mulki ta rushe dokar a Fabrairun 2020. A Kanada kuwa, a 2020, ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa mutuwa da taimakon likita za ta rage wa tsarin lafiya kashe dalar Kanada kusan miliyan 149 a shekara ɗaya. Ofishin da kansa ya ce wannan ba hujja ba ce ta goyon bayan abin, amma ka sa kanka a matsayin naƙasasshe ko tsohon da ke ganin ya zama kaya, ka karanta wannan lissafi.

Shagon Tuvache ma an taɓa zargin wani da buɗe irinsa. A watan Mayun 2023 'yan sandan Kanada suka kama Kenneth Law bisa zargin sayar da kayan kashe kai ta intanet, suka ce ya aika ƙunshi sama da 1,200 zuwa ƙasashe kusan 40. Cikin waɗanda suka mutu akwai matasa sa'anninmu. A wannan labarin babu Alan, babu waƙa, babu mai tambaya ko ka tabbata.

Akwai kuma mai cin riba na uku da fina-finan ba sa nunawa: mai fim ɗin kansa. Shi ma tikiti yake sayarwa da wannan baƙin cikin. Ni ban ce haramun ne a yi dariya a kan abu mai nauyi ba, ai a gidan makoki ma akan samu tsohuwar da za ta saki magana kowa ya yi murmushi, kuma ba raina mamacin ta yi ba. Ma'aunina biyu ne: wa ake yi wa dariyar, kuma me kyamara ta nuna? Bincike ya daɗe da nuna cewa nuna hanyar kashe kai dalla-dalla na iya jan masu rauni su kwaikwaya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fim a 2019, a shekarar kuma Netflix ta yanke wani waje daga 13 Reasons Why. A ma'auni na farko Leconte ya ci, don 'yan kasuwar yake tsokana. A na biyu ya faɗi. Ya jera kayan shagon kamar alewa, da launi da waƙa, a cikin katun ɗin da yaro zai ɗauka nasa ne. Kada ku kunna wa ƙannenku shi.

Mu a nan maganar izini ba ta ma taso ba. Musulunci ya haramta kashe kai da taimakawa a kansa, manyan coci-coci ma sun hana, kuma dokar Najeriya na hukunta mai taimakawar. Ban ga ranar da irin wannan labari zai wuce hukumar tace fina-finai ta Kano ba. Amma fina-finan na cikin wayoyinmu, ciwon damuwa kuma na cikin gidajenmu, ko da ba ma kiran sunansa. Idan kai ne kake jin ka gaji da rayuwa, don Allah ka ajiye waɗannan fina-finan, ka faɗa wa wani da ka yarda da shi yau ɗin nan, ku je ku ga likita. Ciwo ne, kuma ana maganinsa.

Na kusa mantawa da ƙarshen labarin Tuvache, wanda bai kalla ba ya yi haƙuri. Alan ya yi nasara, shagon ya koma wajen sayar da fanken Faransa, iyali suka ci gaba da samun kuɗi, wannan karon daga kwastoman da ke dawowa. A littafin kuwa Teulé bai bar yaron ya rayu ba, Leconte ne ya canza. Masu son littafin sun ce ya zuba sukari a magani. Ni dai na Leconte na zaɓa, don ba zan iya zama awa ɗaya da rabi ina kallon yaron nan yana ceto mutane ba, sannan a ƙarshe a ce shi babu wanda ya tambaye shi ya yake.