Yadda Za Mu Rage Zafi A Sababbin Ɗakunanmu

Hunturu ya wuce, bazara ta shigo. A Tamale da sauran arewacin Gana, watan Maris da Afrilu su ne mafi zafi, har ma'auni yakan kai digiri 40. Ko kuna Tarikom, ko Zini, ko kuna haya a cikin Tamale, wannan bayani naku ne, musamman masu sabon ɗakin bulo da rufin kwano.

Me ya sa sabon ɗaki ya fi zafi?

Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa da da yawanmu muka baro a gida yana tare zafi. Kwano kuwa sirara ne, rana na dukansa yake sako zafin a kanku. Bulon siminti yana shan rana duk yini, ya riƙa sakinta da dare. Ga shi sabon wuri ba itatuwa.

Inuwa ce magani na farko

Hana rana shiga ya fi sauƙi a kan korar zafin da ya riga ya shiga.

1. Bangon yamma ne ke shan ranar la'asar. Ku kafa rumfar zana a gabansa, ku bar tazara tsakaninta da bango don iska ta ratsa.
2. Ku yi silin da tabarma ko kwali a ƙarƙashin kwano, ku bar kafa a sama inda iska mai zafi za ta fita.
3. Farin fenti a kan kwano yana mayar da hasken rana. Ku nemi izinin ofishin sansani ko mai gida tukuna.
4. Ku rufe tagar da rana ke duka da yini, ku buɗe tagogi biyu masu kallon juna da dare.
5. Idan damina ta sauka, ku dasa dogon yaro ko mangwaro a gabas da yamma, nesa kaɗan da bango.

Hattara: zana da kwali abincin wuta ne. Murhu ya yi nesa da su.

Batun na'urar sanyaya ɗaki

Ƙaramar na'urar tana cin wutar da ta kai ta fanka goma ko fiye. Ƙaramin sola na fitila da cajin waya ba zai iya ɗaukarta ba. Masu mitar NEDCo su sani kuɗin zai ƙare da sauri, kuma a ɗakin da ba silin sanyin ɓacewa yake. Kada kowa ya ja waya ta bayan fage, tana jawo gobara da hukunci. Fanka da inuwa sun fi dacewa da aljihunmu.

Kwana a waje

Mun san zafi na fitar da mutane tsakar gida. Ku rataya gidan sauro. Mata da yara kada su kwana a waje su kaɗai, maƙwabta su haɗu wuri ɗaya mai haske. Wanda aka tsorata ko aka taɓa, ya zo ofishin kariya. Za mu riƙe sirrinsa.

Alamun haɗari

Jarirai, tsofaffi da masu juna biyu zafi ya fi kayarwa. Ku sha ruwa tun kafin ƙishi. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai za a ƙara masa. Idan mutum ya ruɗe ko ya suma, ku kai shi inuwa, ku jiƙa jikinsa, ku yi masa fifita, ku kira 112.

Wannan kuma lokacin sanƙarau ne, cunkoso a ɗaki marar iska na taimaka masa yaɗuwa. Zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya, a tafi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya kai mu damina lafiya.