Ledar Kabon a Cikin Mota: Abin da Mai Liƙawa a Gida Ya Kamata Ya Sani

Yawancin motocin da ke bin hanyar Anka zuwa Ɗaki Takwas har Gummi, da masu ratsewa zuwa Bukkuyum, sun ga duniya kafin su zo hannunmu. Ko Golf ce, ko Fijo 406, ko Corolla, ko Honda, za ka tarar ta yi shekaru a Turai ko Amurka, ta sauka a Legas ko Kwatano, ta bi ta hannun mutum biyu ko uku. Injin yakan jure. Cikin motar ne ke fara tona asirin shekarunta: robar da ke kewaye da giya ta koɗe, fentin gefen rediyo ya ɓare, wurin danna gilashi ya yi kaushi saboda gumi da rana.

Sayen sababbin robobin nan ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma sau da yawa sai an aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, kafin a dace da irin na motar. Shi ya sa hankalin masu mota, musamman matasa, ya karkata ga wata baƙar leda mai zanen saƙa da ake sayarwa a shagunan kayan adon mota, wadda ake kira ledar kabon. Liƙa sitika ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin an daɗe ana yi wa babura da manyan motoci kwalliya. Amma wannan leda tana da nata hali, kuma wanda bai san shi ba zai yi asarar kuɗinsa, wani lokaci ma ya jefa fasinjansa cikin haɗari.

Kabon na gaskiya da na kwaikwayo

Zaren kabon na ainihi siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Ana samun sa ne ta hanyar gasa wani zaren roba mai suna PAN a tanderun da zafinsa ya haura digiri 1,000, ba tare da iskar oksijin ba, har sai kusan komai ya fita ya bar kabon zalla. Daga nan a saƙa shi kamar tabarma, a jiƙa shi da wani danƙo mai daskarewa, ya bushe ya zama abu mai ƙarfi matuƙa amma maras nauyi. Roger Bacon a Amurka ya buɗe hanyar wannan aiki a 1958, Akio Shindo na Japan kuma ya fito da dabarar amfani da PAN a farkon shekarun 1960. A 1981 kamfanin McLaren ya ƙera gangar jikin motar tsere da zaren kabon, kuma kusan rabin nauyin jikin jirgin Boeing 787 na irin waɗannan haɗe-haɗe ne. Daga nan zanen saƙarsa ya zama alamar gudu da tsada.

Ledar da muke saya zanen kawai ta ara. Asalinta robar PVC ce, 'yar gida ɗaya da bututun ruwa da rigar wayar lantarki, sai dai an zuba mata sinadarai masu sa ta laushi. Hawa uku gare ta: fuskar da aka buga wa zane, gam a bayanta, da takardar da ke rufe gam ɗin. Ba ta ƙara wa roba ƙarfi, ba ta rage wa mota nauyi, ba ta haɗa abin da ya tsage. Ado ce, kuma ado ba laifi ba ne, in dai an saye shi a matsayin ado. Lambobin 3D da 4D da 5D da ake rubutawa a jikinta sunayen 'yan kasuwa ne da ke nuna yawan ƙyalli, ba ma'aunin inganci ba.

Ingancin yana wurin yadda aka ƙera ta. Akwai wadda ake murza curin roba mai zafi tsakanin manyan ƙarafa har ya miƙe ya yi fale-fale. Irin wannan tun daga masana'anta a miƙe take bisa tilas, don haka da ta ji zafi sai ta nemi komawa yadda ta fito, ta tsuke, bakinta ya ɗaga. Akwai kuma wadda ake zuba robar tana ruwa-ruwa a kan faranti a gasa ta, ta bushe ba tare da an ja ta ba. Wannan ta fi bin lungu da lanƙwasa, ta fi daɗewa, ta kuma fi tsada. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison sun yi suna a kanta, suna kuma yi wa gam ɗin ƙananan hanyoyi da iska ke bi ta fita, don kada ta taru ta yi ƙuraje.

Ranar ƙasarmu ce alƙali

Bambancin nan ba ya nunawa a ranar farko. Bazara ce ke nuna shi. A yammacin Zamfara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa, mota kuwa tarkon zafi ce: haske ya shiga ta gilashi, baƙar roba ta shanye shi, zafin ya rasa hanyar fita. Wani bincike da masana na jami'ar jihar Arizona da ta Kalifoniya a San Diyego suka fitar a 2018 ya nuna cewa motar da ta yi awa ɗaya a rana, a yinin da zafi ya kai wajen digiri 38, dashbod ɗinta kan kai kusan digiri 69. Motar da ta wuni a tashar Gummi ranar kasuwa a watan Afrilu ba za ta gaza haka ba.

A irin wannan zafi gam maras kyau narkewa yake, ledar ta zame, ƙura ta manne a bakinta ta bar baƙin layi mai yauƙi. Sinadaran laushin ma suna tashi sannu a hankali, su bar hazo a cikin gilashi da wari a mota, ledar kuma ta bushe ta fara tsagewa. Araha ba ta ado. Tun da ƙananan sassa ake rufewa, mita ɗaya ko biyu na mai kyau sun fi nadi guda na ta banza amfani.

Hunturu kuma nasa ciwon kai daban ne. Idan aka ɓare takardar baya a busasshiyar iska, ledar kan ɗauki wata 'yar wutar lantarki da ke jawo ƙura, kuma ƙwayar yashi guda a ƙarƙashinta sai ta fito ɓaro-ɓaro. Don haka a yi aikin a ɗaki rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, da sanyin safiya. Da tsakar rana gam yakan cafke tun ba a daidaita ba.

Yadda ake aikin

Kayan aiki ba su da yawa: sabuwar reza, almakashi, tsumma mai tsabta, sabulu, sifirit na kemis, tsohon katin waya ko na banki da aka naɗe bakinsa da ƙyalle, da abin hura iska mai zafi. Dirayar gashi tana isa ta tausasa leda, amma tana jan wuta tsakanin wat 1,000 zuwa 2,000, abin da ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba. Na'urar hura zafi ta masu gyaran waya tana aiki, in an rage ta sosai aka riƙe ta nesa-nesa. Ashana da kyandir da garwashi ba su da wuri a nan.

Da farko a zaɓi abin da za a rufe. Roba mai santsi da tauri, kamar ta kewayen giya da rediyo da dogayen layukan ƙofa, ita ce ke riƙe gam. Mai gurza-gurza ko mai laushi, irin ta saman dashbod, gam ba ya kama ta da kyau, domin kan tudun gurzar kawai yake taɓawa, wasu robobin kuma a halittarsu ba sa son gam. A cire sashen daga motar, a ɓanɓare shi a hankali da abu na roba ba sukundireba ba, domin ƙugiyoyin tsohuwar mota rana ta riga ta gasa su.

Wankin shi ne rabin aikin. Man da masu wankin mota ke fesa wa dashbod don ya yi sheƙi yana ɗauke da silikon, babban abokin gabar gam. A wanke da ruwa da sabulu, a bushe, a goge da sifirit har sai tsumma ya daina ɗauko datti, musamman ta baya inda bakin leda zai kwanta. Kada a sa fetur ko tina, suna cin roba. Inda tsohon fenti ya ɓare, a lallashe shi da takardar yashi mai laushi a jiƙe, domin leda ba ta ɓoye rami, fito da shi take yi.

Sai a yanka leda a bar rarar kamar santimita biyu ko uku ta kowane gefe, a lura zanen ya fuskanci hanya ɗaya a dukan sassan. A ɗora daga tsakiya, a riƙa dannawa da kati zuwa waje. A wurin lanƙwasa a hura zafi kaɗan har ta yi laushi, a ja ta da faɗin hannu ba da ɗan yatsa ba. Idan zanen ya fara karkacewa ko baƙin ya fara fari, an wuce gona da iri: a ɗaga, a ɗumama ta koma, a sake. A naɗe rarar zuwa baya, a yanke abin da zai toshe ƙugiya.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Duk wurin da aka ja ledar, da duk bakin da aka naɗe, sai an sake gasa shi har wajen digiri 90, a danne. Wannan zafin ne ke sa ta saki tsohuwar siffarta ta zauna a sabuwa. In ba a yi ba, rana za ta yi gashin da kanta, kuma ita ba ta dannewa. Bayan an mayar da sassan, a bar motar a inuwa kwana guda gam ya kama.

Inda leda ba ta zuwa

A nan maganar ta wuce ado. Duk inda aka rubuta SRS ko AIRBAG, a tsakiyar sitiyari ko gaban fasinja ko gefen kujera, jakar iska ce a ciki. An yi wa murfinta wani layi maras ƙarfi da gangan, don jakar ta fasa shi ta fito cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Leda mai ƙwari a kansa tana iya jinkirta buɗewar ko ta karkatar da ita. Wayoyin jakar galibi masu ruwan ɗorawa ne. Wanda aikinsa zai kai kusa da su ya cire kan batir tukuna, ko ya bar wa mai gyaran wayar mota. Kada a rufe fitilun gargaɗi ko ramukan iska, kuma kada a sa mai ƙyalli a saman dashbod, domin hotonta zai hau gilashin gaba ya kashe wa direba ido.

Ga mai saye kuma, cikin mota da ya sha leda ya cancanci tambaya. Akwai motocin da suka yi haɗari a waje, jakar iskarsu ta fashe, aka manne murfin aka shigo da su. Rufe wannan aibi don a yaudari mai saye algus ne, kuma algus ne da zai iya cin rai.

Akwai wani gargaɗi da ya shafi yankinmu musamman. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano girman matsalar a Bagega. Sanadin shi ne ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi shekaru suna jinyar dubban yara. Motar da ke ɗaukar buhunan dutse ko masu haƙa tana tara wannan ƙura a bayan robobinta. Wanda zai kwance su kada ya kaɗe ko ya hure. Ya goge da jiƙaƙƙen tsumma, nesa da madafa da wurin wasan yara, ya wanke hannu kafin cin abinci. Guntayen leda ma a tattara su, kada a bar wa yara su tauna, kada kuma a jefa su a murhu: PVC in ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai ƙona huhu.

Sana'a ce mai jiran masu ita

Duk abin da aikin nan ke buƙata akwai shi a Anka da Gummi da Bukkuyum: matasa masu hannu, waɗanda suka iya kwance waya su mayar, suka iya yi wa babur kwalliya. Jarinsa bai kai na buɗe gareji ba, kuma mai motar da ba sai ya yi doguwar tafiya Gusau ko Sakkwato don ɗan wannan gyara ba, a halin da hanyoyinmu ke ciki, ya rage kashe kuɗi da fargaba. Mai son koyo ya fara da ƙaramin sashe mai shimfiɗe, ya bar shi ya sha bazara guda, ya ga yadda ledar da ya saya ta kasance kafin ya karɓi aikin wani. Ya riƙa faɗa wa mai mota gaskiyar irin ledar da zai sa, ya kuma ƙi rufe jakar iska ko nawa za a ba shi. Wanda ya riƙe waɗannan biyun, masu motoci da kansu za su kai sunansa tasha-tasha.